Tashar madubai irin ta Warzazat za ta yi aiki a Agadas?

Mai haɗa sola: Ina nan kan bakana: inda rana ta fi ƙuna, can ya dace da tashar madubai, wato tashar lantarki da madubai ke tattara hasken rana su haska kan wata doguwar hasumiya. Noor III ta Warzazat a Maroko megawat 150 ce, kuma tana ba da wuta awa 7 bayan faɗuwar rana. Allon sola kuwa, magariba na yi sai batir. Me zai hana Agadas?

Injiniya: Malam, zafin gari daban, hasken da madubi ke so daban. Madubi ba ya tattara sai hasken da ya sauko kai tsaye, mai fitar da inuwa sosai. Ranar da hazon hunturu ya sauko, rana ta yi fari fat har ka iya kallonta, inuwarka ta dushe, allon sola zai ɗan taɓuka, hasumiya kuwa shiru. Ana neman wajen kilowat-awa 2,000 na hasken kai tsaye a kowane murabba'in mita a shekara.

Malamar kimiyya: Injiniya, kada mu raina ajiyar zafin da tashar ke yi. Dubban madubai ke haska kan hasumiya, su dafa narkakken gishiri, kashi 60 sodiyum naitret, 40 fotasiyum naitret, daga digiri 290 zuwa 565 na ma'aunin Salsiyas, a ajiye shi a tanki. Da dare gishirin ya tafasa ruwa, tururi ya juya injin. Sai dai in ya huce zuwa wajen 230 daskarewa yake, ya toshe bututu, don haka ake naɗe bututun da wayar ɗumamawa. Tankin zafi ma yana buɗewa yana tsukewa kullum har walda ta tsage. Yoyon irin wannan tanki ya tsayar da tashar Crescent Dunes a Amurka a 2016, ya tsayar da Noor III a 2024.

Mai haɗa sola: Hajiya, wannan matsalar ƙera tanki ce, ana gyarawa. Gishirin yana shekaru bai gaji ba, batir fa?

Injiniya: Na yarda. To ruwa fa? Ƙura na kwanciya, madubi ya rage haske, kuma da tataccen ruwa ake wankewa, don ruwan rijiya tabo yake bari. Warzazat tana da madatsar Mansur Addahabi a kusa. Sanyaya tururi ma ruwa yake ci; in an ce a sanyaya shi da iska, kamar Noor II da III, wuta na raguwa ranar da gari ya yi zafi.

Mai haɗa sola: To a kafa na'urar awo a Agadas shekara guda cur, da hunturu da bazara. In ta kai 2,000, zan dawo da maganata.