"Wanda ya yi nisa ba ya jin kira": har da kiran Allah?

Ɗan Narayi:
Salama a gare ku. Kowa ya san inda ake faɗar karin maganar nan: an yi wa mutum faɗa, an yi nasiha, ya ƙi ji, sai a kaɗe hannu. Abin da ke damuna shi ne yadda ta samu wurin zama a cikin ikkilisiya. Matashi ya daina zuwa sujada, an gan shi a mashaya, sai dattawa su rufe zancensa da ita. Ta dace a bakin mai bin Almasihu?

Dattijo daga Sabon Tasha:
Ɗana, magabata ba don yanke ƙauna suka faɗe ta ba. Gargaɗi ce, kuma tun yaro yana bakin ƙofa ake faɗa masa, don kada ya kai inda murya ba ta isa. Dubi Fir'auna, annoba goma ta sauko masa, kowace sai ta ƙara masa taurin zuciya. Ibraniyawa sura 3 ma ta ja mana kunne cewa in mun ji muryarsa yau, kada mu taurare zukatanmu. Me ya sa aka ce yau? Domin ana iya yin nisa.

Mama 'yar Zumunta, Kakuri:
Baba, a yi mini gafara, amma ni tana ci mini rai. Wa ya kai Yunusa nisa? An aike shi Nineba, ya biya kuɗin jirgi ya nufi Tarshish, ya gangara can ƙasan jirgin ya yi barci. Kiran ya bi shi har cikin kifi, ya kuma zo masa karo na biyu. Shawulu fa, da takardun kama masu bi a hannunsa yake kan hanyar Dimashƙu aka kira sunansa. Muryata ce ba ta ƙetare kogin Kaduna. Ta Ubangiji ba haka take ba. Kuma mu faɗi gaskiya, sau da yawa gajiya ce take sa mu jawo maganar nan, don kada a ce mu sake komawa ziyara.

Malamin Makarantar Lahadi, Barnawa:
Mama ta taɓo inda nake so. Ni na kusa ne suka fi ba ni tsoro. Sama'ila a ɗakin Ubangiji yake kwance, amma sau uku yana rugawa wurin Eli firist, bai gane mai kiransa ba, sai da tsohon ya koya masa yadda zai amsa. A misalin ɓataccen ɗa a Luka 15 kuma, ƙanen da ya tafi ƙasa mai nisa ya dawo cikin hankalinsa ya kama hanyar gida. Wan, wanda bai taɓa barin gona ba, shi ne uban ya fito yana roƙo, ya ƙi shiga. Muna da irinsa. Kowace Lahadi yana layin gaba, baikon da yake bayarwa a sujada bai taɓa yankewa ba, amma a ce ana neman mai koyar da yara, ko mai kwana da mara lafiya a asibiti, sai ya sunkuyar da kai. Shekara da shekaru ana kiransa, yana nan zaune.

Ɗalibin tauhidi:
Akwai kuma waɗanda jin kiran ne ya kai su nesa. A 1893 'yan mishan uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas don aikin bishara. Kent ya rasu a Bida, Gowans ya rasu a Girku, nan ƙasar Zazzau, a 1894. Daga wannan aikin ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Har yau masu bishara na EMS, ƙungiyar aikin bishara ta ECWA, suna barin gari su tafi ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina.

Dattijo daga Sabon Tasha:
Ɗalibi, tarihinka daidai ne, amma ka kauce. Nisan da karin maganar take nufi ba na ƙafa ba ne, zurfi ne cikin abin da mutum ya sa kansa. Malam kuwa ya kama ni da zancen wan da ya ƙi shiga, ban da amsa. Sai dai ina nan a kan bakana: ba zan daina faɗa wa jikokina ita ba.

Mama 'yar Zumunta, Kakuri:
Ku faɗa wa jikoki, Baba, ban hana ba. Abin da na ƙi shi ne a faɗe ta a taron dattawa a kan ɗan wata, uwar tana waje tana jiran ta ji wa za a aika.