Ƙari ko daji? Ina neman sunan ciwon gwaggona da Hausa

Salamu alaikum mutanen Zango. Jiya na raka gwaggona asibiti a nan Kumasi, ni ne tafinta, don ba ta jin Turanci, Tonancinta kuwa, wato yaren Asante, na ciniki a kasuwar Kejetia ne kawai. Shekara biyu tana fama da murɗawar ciki da gudawa. Ta sha maganin olsa, ta sha na taifot, ta sha na tsutsa, sai yanzu hoto ya nuna abu a ƙarshen ƙaramin hanjinta. Likita ya rubuta haruffa uku, NET, ya ce tsohon sunansa kasinoyid, ya ce in gaya mata. Na ce, "Gwaggo, ciwon daji ne." Carbinta ya faɗi ƙasa. Likita ya ga fuskarta, ya ce in sassauta, wannan a hankali yake girma. Sai na ce, "Ƙari ne kawai." Ta ce to alhamdu lillahi, ta fara laluben takalmi mu tafi gida. Duka biyun ban faɗi daidai ba. Me zan kira shi?

Wata nas, Asawase: Allah ya ba Hajiya lafiya. Ƙanena, kullum haka muke fama. Da Tonanci ma in ka ce kokoram, wato daji, shi ke nan mutum ya fara wasiyya. Ka fara raba kalmomin tukuna. Ƙari shi ne duk wani nama da ya tsiro inda bai kamata ba. Wani yana zama wuri ɗaya, wani yana cin maƙwabtansa ya tafi hanta ko wani wuri, shi ne daji. Na Hajiya daga wasu ƙwayoyi yake fitowa da ke warwatse a jikin hanji ta ciki, aikinsu fitar da sinadarai irin su sirotonin masu sa hanji motsi. Ba kasafai ake ganinsa ba. Ƙaramin hanji ya kai kusan mita 6, ya fi kowane sashe na hanyar abinci tsawo, amma dajin da ke fitowa cikinsa bai kai 5 cikin 100 na dajin hanyar abinci ba. Shi ya sa hankalin kowa ke fara tafiya kan olsa.

Malamin makaranta, Tafo: Larabawa sun riga mu hutawa. Ƙari su ce waram, sannan su raba shi biyu, hamid da habis, wato na kirki da mugu. Daji kuwa saraɗan, wanda asalinsa kaguwa ce, kamar yadda Girkawa suka kira shi tun zamanin Hifokiratis. Ni dai "mugun ƙari" ya ishe ni.

Nas: Malam, a gafarce ni, mugun ƙari ya dace da wani irin dajin hanji na daban, wanda ya fi fitowa a farkon ƙaramin hanji kusa da tumbi, mai saurin ci. In muka ba su suna ɗaya, iyali za su ɗauka magani ɗaya ne, kwana ma ɗaya ne, alhali ba haka ba.

Wata 'yar kasuwa: Ni fa da na ji "ƙarin hanji" na ɗauka hanji aka ƙara wa Hajiya, irin gyaran da muke yi wa mai sayen tumatir. Ku nemi wata kalmar!

Mai tambaya: Yaya, kin sa ni dariya ina cikin damuwa. Na gwada tsiro, na gwada ƙullutu. Tsiro basir yake kawo wa mutane a rai, ƙullutu kuma sai wanda hannu ya taɓa a bayan fata. Ƙari dai tsofaffi suka sani. Akwai kuma kalma ta biyu da ta kayar da ni: likita ya ce abin daga rufin cikin hanji ya fito, ba daga naman bayansa ba. Na ce "fatar hanji", gwaggo ta ce hanji yana da fata ne?

Baba mahauci, Aboabo: Ɗana, zo ka tsaya kusa da ni ranar da nake wankin kayan ciki. In ka juya hanji ciki ya koma waje, za ka ga wani abu mai laushi da yauƙi, ka kankare shi da bayan wuƙa ya fita, ya bar maka ɗan siririn bango. To ba fata ba ce, fata tana jemuwa.

Wani tela, Sabon Zango: Baba ya gama bayani, suna ya rage. A wurinmu abin da ake ɗinka wa babbar riga ta ciki shafi ne. Shafin hanji. Yara za su ce shafin Facebook, to a ce shafin cikin hanji, magana ta ƙare.

Mai tambaya: Wallahi wannan ya zauna. Na karɓa.

Ɗalibin likitanci: Yayyena, kafin wani ya fassara kasinoyid kai tsaye, ku ji inda ta fito. Wani likita Bajamushe mai binciken nama a Munik, Siegfried Oberndorfer, shi ya ƙirƙiro ta a 1907. Ya ga ƙananan ƙari a ƙaramin hanji, a madubin likita sun yi kama da daji, amma ya ɗauka ba sa yaɗuwa, sai ya ba su suna mai ma'anar "mai kama da daji". A 1929 shi da kansa ya dawo ya ce wasunsu suna yaɗuwa. Suna kuwa ya riga ya bi duniya. Sai a 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma kiran su da sunan ƙwayoyin da suke fitowa daga ciki, wanda aka taƙaita NET. To in muka ce "mai kama da daji" da Hausa, kuskuren da masu abin suka yi kusan shekara 100 suna gyarawa muka ɗauko. Bahaushe in ya ji kama, ya san kama da wane ba ta wane. Hajiya za ta sake neman takalminta.

Kuma abin yana da wayo. Muddin yana hanji kaɗai, sinadarin da yake zubarwa hanta ce ke tace shi, mutum ba ya jin komai sai ciwon ciki jefi-jefi, ko toshewar hanji rana ɗaya. In ya kai hanta, sinadarin ya shiga jini kai tsaye: gudawa, numfashi da shaƙewa kamar asma, fuska ta ɗauki zafi. Littattafanmu sun ce fuska tana yin ja, amma a baƙar fata sau da yawa ba a gani, sai ka tambayi mutum. In an daɗe, har ƙofofin zuciya na ɓangaren dama yana taɓawa.

Malam: To ai wannan ɓarawo ne mai sanɗa.

Nas: Malam, ka faɗe shi! Mai sanɗa ba gudu yake ba, amma tafiya yake, kuma inda ya nufa zai kai in ba a tare shi ba. Ƙarin hanji mai sanɗa. In ya tabbata ya yaɗu, a ce daji mai sanɗa, kada a ɓoye. Sai dai kaɗan daga cikinsu suna da gudu, don haka likita ne zai faɗi matakin bayan an duba naman. Kuma a takarda ku bar haruffan nan uku yadda suke, su za a gane a asibitin Komfo Anokye ko na Korle Bu.

'Yar kasuwa: Ni har yanzu ƙarin nan gyara nake ji, amma an fi ni yawa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Bayan la'asar na je na ce, "Gwaggo, ƙari ne mai sanɗa a shafin cikin hanjinki. Ana yanke shi, akwai kuma allurar wata-wata da ke rage gudawar ta kuma rage masa tafiya." Ta yi shiru, ta ce, "Mai sanɗa ai tari ake masa ya san an gan shi. Yaushe za mu koma?" Litinin ne. An ba ta jarka ta tara fitsarin awa 24, an hana ta ayaba da abarba da tumatir da piya na 'yan kwanaki, don suna rikita awon. Yanzu rigimar da muke ciki ita ce miyar da babu tumatir.