Kayan Sallah: an kai turmin Holland, an mayar da sabulu. Yaya ake yi?

'Yar Rigasa:
Assalamu alaikum. A gidaje da yawa nan Kaduna, Sallah na wucewa sai gunaguni ya tashi. Wata ta kai wa matar yayanta atamfa mai tsada, an mayar mata da sabulu da man shafawa. Wani ya aika cinya guda, aka aiko masa da ƙashi a leda. Yara ma a gaban juna suke ƙirga goron Sallarsu. Don Allah yaya ake tsara rabon nan zumunci bai yi tsami ba?

Mai atamfa, Kasuwar Barci:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun a shago ake yin kuskuren. Mutum zai saya wa mata huɗu masu matsayi ɗaya, a ce ƙannen miji, ya ɗauko Holland guda, sauran ukun masu rahusa. Mace kuwa ba sai ta ga rasit ba. Bakin zanen za ta duba inda aka buga suna, ta murza shi da yatsu, shi ke nan ta gane. Mai rahusa sitaci ne ya cika ta, wanki biyu ta koɗe.

Ki kasa mutanenki gida uku: iyaye da surukai, sa'o'i, sai yara. Kowane rukuni kamfani ɗaya, kuɗi ɗaya, kala ce kawai za ta bambanta. Turmi yadi 6 ne, kada a raba shi a ba babbar mace yadi 3, ba zai fitar mata da riga da zani da ɗankwali ba. Namiji yadi 5 na shadda ya ishe shi riga da wando. Kuma a kai kafin azumi ya kai 15, don bayan nan yawancin teloli sun daina karɓar ɗinki.

Mahauci, Zangon Tudun Wada:
Hajiya, na nama lissafi ne. Rago cinya biyu gare shi, karfata biyu. In gidajen sun kai goma aka ce gaɓa-gaɓa za a raba, huɗu ne za su yi murna. A fara ware cinya ɗaya ta iyaye, wannan ba mai ja. Sauran a yanka gunduwa-gunduwa a kasa kamar watanda: kowane kashi da tsoka, da ƙashi, da ɗan kitse. Kayan ciki a ranar ake rabawa, ba sa jira. Kada kuma a ƙulle nama da ɗuminsa a baƙar leda a ba yaro ya yi ta yawo daga Kawo zuwa Kakuri, zai isa ya canja wari, a ce raini ne. Gida mai nisa a soya a kai.

Malamar Islamiyya, Unguwar Sarki:
'Yar'uwa, mu rarrabe biki da kyauta. Biki bashi ne a al'adarmu, ana rubutawa ana ramawa. Kyautar Sallah ba haka take ba. Annabi (SAW) ya hana maƙwabciya raina abin da ke tsakaninta da maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne. Mai sabulun nan wataƙila iyakar ƙarfinta ke nan.

Inda ba sassauci shi ne tsakanin 'ya'ya. Da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya fifita shi da kyauta, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida, ya ce a yi adalci a tsakaninsu. Saboda haka goron Sallah a nemi canji tun kafin idi, a tsayar da ƙa'ida da shekaru, misali ƙanana 200, manya 500, ɗan ɗaki da ɗan kishiya duk ɗaya. In akwai maraya da ake son ƙara wa, a damƙa wa mai riƙonsa a keɓe.

'Yar Rigasa:
Malama, in kuma mai hali ce, shekara uku tana mayar da abin da bai kai ba?

Malamar Islamiyya, Unguwar Sarki:
Kada ki yanke. Ki sauko da naki zuwa abin da ba zai tsaya miki a rai ba ko ba a rama ba, kamar kwanon cincin da dambun nama. Ban da habaici a WhatsApp, ban da buɗe ledar a gaban ɗan aike, domin duk abin da ya gani a fuskarki zai kai gida.