Mu da ke Ingila, ya kuke fama da kansil (ƙaramar hukuma) kan bin ɗin risaikilin, wato kwandon sharar da ake sake sarrafawa?

Maman Ikram: Salam 'yan uwa. Dan Allah in masu kwasar shara suka tsallake bin ɗinka na risaikilin wa ake kai wa ƙorafi? Sun zo sun kwashe na maƙwabta kaf sun bar namu, sun maƙala wata jar takarda a mariƙin wai akwai abun da bai dace ba a ciki, kuma fa sati bibbiyu suke zuwa, robobin madara da kwalaye sun cika har murfin baya rufuwa.

Baban Sadiq: Maman Ikram kansil ɗinku zaki nema, kar ki ɓata lokaci da kamfanin da sunansa ke jikin motar, shi kwangila kawai aka bashi. Tun dokar kare muhalli ta 1990 kansil ne keda alhakin kwashe sharar gidaje, shi ne kuma keda ikon cewa ga irin bin ɗin da zaki sa kaza a ciki, kuma cikin harajin kansil da muke biya duk wata ake yin aikin. In mantuwa sukayi akwai fom a shafinsu, ki cike da wuri dan wasu kwana ɗaya ko biyu kawai suke bayarwa. Amma in sun liƙa takarda toh gaskiya ba za su dawo ba sai kin cire abun.

Hajiya Turai: Wlh ni abun da yake ƙona min rai, mu a bakin titi muke, da daddare muke turo bin waje, masu wucewa sai su ɗaga murfi su jefa ragowar abinci ko ledar kashin kare, da asuba ma'aikaci ya leƙa ya gani shikenan laifi ya zama naka. Na tsaya ta taga ina kallonsu, ba wani tonawa suke ba, murfi kawai suke ɗagawa, abun da ke sama shi ke yanke hukunci. Yanzu sai bayan sallar asuba maigida yake fitar da shi. Kuma ki duba ƙanwata, baƙar leda, kunzugun jarirai da kwalin piza mai maiƙo su ne suka fi jawo wannan takarda, ko kaya masu kyau ne in kika ƙulle su a baƙar leda ba za su ɗauka ba tunda basu san me ke ciki ba.

Dan Zazzau: Na taɓa tambayar wani ma'aikacinsu me yasa suke tsanani haka, yace in mota ta kai kaya masana'antar da ake tacewa aka ga ƙazanta tayi yawa ana iya mayar da lodin gaba ɗaya a kai ƙonawa, kansil ne zai biya. Ga shi tun 2018 da Chaina ta rufe ƙofa ga yawancin sharar roba da takarda daga waje masu saye suka ƙara zaɓe. Ni dai matsalata rashin tsari ɗaya, inda muka taso shuɗin bin shi ne na risaikilin, muka koma wani gari shuɗi na takarda zalla ne, kwalba kuma akwatinta daban. Shi yasa gwamnati ta kawo sabon tsari, daga 31 ga Maris 2026 kowane kansil a Ingila ya riƙa karɓar kaya iri ɗaya harda ragowar abinci duk sati, duk da an ɗaga wa wasu ƙafa saboda tsofaffin kwangiloli. Launin bin kam kowa da nashi har yanzu.

Ummu Khalil: Ku kuna hutawa ma, a Wales inda nake jaka jaka muke warewa, motar ma ɗaki ɗaki ce. Da wahala amma ai sharar da suke risaikilin ta haura kashi 60 cikin ɗari, Ingila tana wajen 44.

Yaya Auwal: Mu masu zama a bene bin ɗaya ne babba na kowa da kowa, mutum ɗaya ya ɓata duk an shafa. Mukayi ta cike fom shiru, sai da wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta ja mu wajen kansilan unguwa ranar da yake zama sauraron jama'a, muka nuna masa hotuna a waya da lambar kowane ƙorafi, bada jimawa ba aka kawo bin mai makulli da ƙaramar kafa a murfin. Ku riƙa ajiye lambar nan da suke turowa ta imel. Kuma duk wanda ya ga abun da ya faru a Birmingham a 2025, yajin aiki ya sa aka dakatar da kwasar risaikilin, shara wajen tan 17,000 jibge a tituna, ya san in abu ya lalace kansil ake kamawa.

Dan Kurmi: Ikon Allah, ku wanke gwangwani ku bayar kyauta kuma a liƙa muku takarda? Nan Kano 'yan gwangwan har ƙofar gida suke zuwa da sikeli su biya ka 😂

Hajiya Turai: Kai dai bari Dan Kurmi. Wai waɗanda aka riga aka raba wa ƙaramin bokitin ragowar abincin nan, ana zuba ƙashin kaza da man miya a ciki? Kuma ledarsa kansil ke bayarwa ko saye ake?