Neman kalma: me za mu kira "zoning" da Hausa?

Tafinta: Salamu alaikum. Malamai a agaza min, gobe ƙarfe 10 zan miƙa fassarar wani shirin rediyo kan tsara birane, kalma ɗaya ta tsaya min a wuya: "zoning". Dokar nan da ke raba gari kashi-kashi, nan gidajen zama, can masana'antu, ta kuma ƙayyade tsayin gini da tazararsa daga bakin titi. "Tsarin amfani da filaye" na riga na ba wa babban tsarin, mai hangen inda gari zai miƙe nan da shekara 20. Ita wannan dokar ce ke ɗaure mai fili da bin babban tsarin.

Ɗan Jarida: Wa alaikumus salam. Tsarin shiyya-shiyya mana.

Tafinta: Na gwada. Wanda na karanta wa ya zaci karɓa-karɓar 'yan siyasa nake nufi.

Injiniya: Kada ka ce "yanka filaye" ma. Yanka awo ne da kafa alamar iyaka. Sai a yanka maka fili, takarda na hannunka, amma doka ta ce ba za ka kafa injin niƙa a wurin ba. A New York, cikin 1915, aka gama wani dogon bene, Equitable, wanda ya tashi sambal daga bakin titi ya tare wa maƙwabta rana. A 1916 birnin ya kafa dokar da ta sa bene in ya yi sama sai ya riƙa ja da baya, shi ya sa tsofaffin benayensu suke kamar matakala. Kotun Ƙolin Amurka ta halatta irin wannan doka a 1926. To, dole kalmar ta ɗauki hani, ba awo kaɗai ba.

Malam Nahawu: Shiyyantarwa. Zamani, zamanantarwa, shiyya, shiyyantarwa. Kalma ɗaya tak, kuma tana tasrifuwa: an shiyyantar da gari, shiyyantaccen yanki.

Hajiya: Malam, mai sauraro yana tuƙi ko yana kan aiki, ba zai tsaya warware ta ba. Me zai hana "kasafin filaye"? Kowa ya san kasafin kuɗi: wannan na lafiya, wancan na ilimi, ba a ɗiban na nan a kai can.

Ɗalibi: Ni dai a ce zonin a huta. Mota da tebur ba haka suka shigo ba?

Malam Nahawu: Ga irinta nan! Lalaci ke nan, ɗana. Harshen da aka yi ɗaruruwan shekaru ana rubutu da shi, a ce ya rasa sunan raba gari?

Ɗalibi: Allah gafarta Malam, taswirar da za a zana shiyyoyin a kai ma ai aro ce daga Larabci. Ko aron Larabci ne ado, na Turanci abin kunya?

Malam Nahawu: Wanda ya kwana ya tashi a gida ba a ce masa baƙo.

Ɗan Jarida: Ku masu ƙirƙira a ofis, kalma nawa kuka ƙera ta mutu a cikin ƙamus?

Tafinta: Jama'a, dare na yi.

Injiniya: Ta Hajiya ta fi kusa, sai dai a sa mata "doka" a gaba. Houston ta Amurka ba ta da wannan doka, masu zaɓe sun ƙi ta har sau 3, na ƙarshe a 1993, amma tana da tsarin gari. Ka ga dole sunayen biyu su bambanta. Matsalata ɗaya: kasafi bai taɓo tsayin gini ba.

Tafinta: Zan sa "dokar kasafin filaye", a karon farko in bi ta da jimla ɗaya kan tsayi da tazara. Na gode ƙwarai.

Malam Nahawu: Kalma uku a gurbin ɗaya. To, a yi da ita gobe saboda lokaci. A ajina dai shiyyantarwa zan koyar.

Ɗalibi: Malam, wanda ya yi aikin fa? Mashiyyanci?