Fankar lagireto ta ƙi tashi, babur na ɗaukar zafi a gosulo

Dan_Kurna:
Slm 'yan uwa, dan Allah masu sanin babur mai ruwa ku taimaka min. Ina da babur mai cc 400 ɗan Kwatano mai kabireta, wata bakwai kenan a hannuna bai taɓa ba ni matsala ba sai satin nan. In ina gudu a buɗaɗɗen titi lafiya lau, allurar zafi tana tsakiya, amma da na shiga gosulo shikenan. Jiya da azahar na maƙale a wajen Kantin Kwari kusan minti sha biyar, allura ta haye har ja, zafi yana dukan ƙwaurina kamar na tsaya a bakin murhu, da na leƙa sai ga ruwa na tsiyaya ta ɗan tiyon nan na ƙasa yana tururi. Fanka kuwa ko motsi bata yi ba, alhali da can ina jin ƙararta in ta tashi da kanta. Makunnin ne ya mutu ko ita fankar? Wlh tsorona kar gaskat ɗin kan inji ya ƙone.

Rewaya_Sabongari:
Wslm. Malam kar ka sayi komai tukunna. Fara duba fis na fanka, galibi 10A ne, sannan babur yana kashe ka juya fankar da yatsa ka ji ko tana juyawa sumul, don sau tari tsakuwa ce ko leda ke maƙalewa a bayanta fis ya ƙone. In duk lafiya, duba jikin lagireto zaka ga wani abu kamar babban noti an ɗaura shi da waya a kai, shi ne makunnin zafi. In waya ɗaya ce, zare ta, buɗe ki, ka taɓa ta a jikin ƙarfen inji. In biyu ne ka haɗa bakinsu da guntuwar waya. Ka janye yatsunka daga fanka kafin nan fa. Ta tashi? To fanka da wayoyinta ƙalau suke, laifin yana wajen makunni ko abin da ke kewaye da shi. Bata tashi ba, sai a bi waya ko motar fankar. Wannan na masu kabireta ne irin naka, masu injekta kwamfutar babur ce ke tada fanka ta hanyar rile, gwajinsu daban.

Mai_Sauri:
Oga ni dai nawa dairek na sa aka haɗa min, da na buɗe ki fanka ta tashi, har yau ban ƙara ganin ja ba. A zafin Kano na watan Afrilu da ke wuce digiri 40 wa zai tsaya jiran makunni

Baban_Ummi_Jos:
Mai_Sauri ɗan uwa ban goyi bayan wannan ba gaskiya, sai dai na wucin gadi mutum ya kai gida. Fankar nan ba a yi ta don aiki dare da rana ba, motar ta zata gaji da wuri, batir ma yana shan wahala a sulo, kuma mafi muni ka rufe ciwon ne baka warkar ba.

Dan_Kurna, abin da nake so ka duba kafin ka zargi makunni shi ne ruwa. Ka bari inji ya huce sarai, da safe ma ya fi, ka buɗe murfin lagireton kansa ba ɗan galan na gefe ba. Kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi, na ga yaron da ruwan ya ɗaye wa fatar hannu har gwiwar hannu. Makunnin nan sai ruwa ya taɓa shi yake jin zafi, yawancinsu wajen digiri 100 suke haɗewa, to in ruwa ya yi ƙasa ko iska ta maƙale a ciki, yana zaune ne a busasshen wuri, inji na dahuwa shi bai ma sani ba. Sannan murfin, duba samansa zaka ga an rubuta 1.1 ko kusa da haka, shi ke matse ruwan ya hana shi tafasa sai ya wuce digiri 120. Robar ta tsage, ruwa zai tafasa da wuri ya gudu ta tiyo, yau kaɗan gobe kaɗan.

In zaka gwada makunnin a tukunya da mita, ka sani ruwa zalla zai iya yaudararka. Mu nan Jos saboda tudu wajen 96 ruwa ke tafasa, sai ka ga makunni mai lafiya ya ƙi haɗewa ka jefar da shi a banza. Da kulan, wato ruwan lagireto na musamman, ake gwadawa ko man inji. Maganar gaskat kuma, duba bakin mai, in ya koma kamar shayi da madara ko kumfa na ta tasowa a lagireto inji na aiki, ka kashe kawai.

Dan_Kurna:
Allah ya saka da alheri. Yau da safe na taɓa wayar a jikin inji fanka ta tashi nan take. Na buɗe murfi, wlh ko ƙyallin ruwa ban hango ba, sai da ya sha fiye da rabin lita, wanda ya rage a ciki ma ja ne jawur da tsatsa, da alama ruwan burtsatse aka riƙa zuba masa. Robar murfin ta tsage gida biyu. Bakin mai dai Alhamdulillah ƙalau. Na cika na bar shi a sulo, fanka ta tashi amma sai da allura ta kusa ja.

Rewaya_Sabongari:
To madalla, gaskat ya tsira. Canja murfi, a wanke lagireto a zuba kulan, ka bar shi a sulo murfi a buɗe na ɗan lokaci iska ta fice. Kwance makunnin ka goge tsatsar bakinsa, kuma kar a naɗa masa farin tef na famfo, mai waya ɗaya ta jikinsa yake samun at, wato haɗuwar wuta da ƙarfen inji. In bayan haka har yanzu yana makara, sai ka sayi wani, ka tafi da tsohon a hannu don zaren ya zo daidai.