Silon injin motata ya ƙi sauka ko bayan ya yi zafi

Mai Tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin inji a kan wata matsala da ta dame ni. Motata mai silinda huɗu ce, tana aiki da fetur da injekta, giyarta otomatik ce, totur ɗinta kuma na waya ne, ba irin na zamani mai aiki da lantarki ba. A da, idan injin ya yi zafi, allurar da ke nuna juyinsa takan tsaya a wajen 750 a minti ɗaya. Yanzu kuwa ko bayan doguwar tafiya, idan na tsaya na sa giya a P, allurar ba ta sauka ƙasa da 1,500, wani lokaci ma takan riƙa hawa tana sauka da kanta. Idan na sa giya a D motar takan fizga da ƙarfi, a cikin cunkoso kuma sai na danne birki sosai kafin ta tsaya cak, ga shan mai da ya ƙaru. Bakaniken da na kai wa ya wanke maƙogwaron totur amma babu abin da ya canja, yanzu yana so ya juya ɗan sukurun da ke jikinsa don ya rage silon, wato juyin injin a tsaye. Shin in bar shi ya juya, ko akwai abin da ya kamata a fara dubawa?

Tsohon Bakanike

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda a taɓa wannan sukurun. Daga masana'anta aka saita shi domin faifan totur, wanda ke buɗe wa iska hanya idan an taka totur, ya tsaya a inda ba zai maƙale ba, kuma tunda motar ta daɗe tana silo daidai a kan wannan saitin, ba shi ne ya lalace ba. Idan aka juya shi, matsalar farko tana nan, an kuma ƙara mata ta biyu.

Inji ba ya iya gudu fiye da gwargwadon iskar da ya samu. Saboda haka duk injin da yake juyi 1,500 alhali ƙafarka ba ta kan totur, iska ce take shigar masa fiye da kima, ƙwaƙwalwar motar kuma, wato kwamfutarta, tana bin ta da fetur. Hanyoyin shigarta uku ne: ko faifan totur bai rufe sosai ba, ko bawul ɗin silo da ake kira IAC ya buɗe da yawa, ko kuma akwai tsaguwa a wani wuri bayan faifan.

Ka fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ka duba ko shimfiɗar ƙasa ta tokare fedar totur, sannan a buɗe bonet a taɓa wayar totur ɗin, domin wajibi ne a same ta da ɗan sako-sako. Idan ta yi tauri kamar tsirkiyar baka, to ita ce take riƙe faifan a buɗe, kuma hakan yakan faru bayan an kwance maƙogwaron an mayar. Idan an danna faifan da hannu silon ya sauka, an gano bakin zaren.

In ba nan ba ne, sai a koma kan tiyo-tiyon roba da ke haɗe da manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, domin a ganina nan ne aka fi samun laifin a motar da ta kwana biyu. Zafi yana busar da roba har ta tsage, kuma sau da yawa tsaguwar tana ƙarƙashin tiyon ko a daidai lanƙwasarsa, inda ido ba ya kaiwa. A bi su ɗaya bayan ɗaya inji na aiki, a saurari ƙarar tsotson iska, a kuma matse kowane tiyo mai laushi a hankali da filaya. Wanda aka matse silon ya faɗi, ta nan iskar take bi. A ba da muhimmanci ga tiyon bawul ɗin PCV, mai kwashe tururin baƙin mai, da ke fitowa daga saman inji, da kuma babban tiyon da ke zuwa tukunyar iskar birki. Gasket ɗin manifol kuwa mukan gwada shi ne ta hanyar fesa maganin wanke kafireto a gefensa, idan muryar injin ta canja, to yana zuƙar iska.

Hawa da saukar allurar da ka ambata ma yana da dalili. Idan ƙwaƙwalwar ta ga totur a rufe amma juyi ya wuce iyaka, takan yanke fetur, juyin ya faɗi, ta sake sakinsa, ya sake hawa.

Mai Wayarin Mota

Na yarda da bayanin Baba, amma ina so in ƙara wani ɓangare, domin akwai lokacin da ba ɓarauniyar hanya iskar ta bi ba, ƙwaƙwalwar ce da kanta ta ba da umarnin a ɗaga silon. Mota mai injekta takan tashi da safe a kan juyi kamar 1,200 zuwa 1,500 don injin ya yi saurin ɗumi, sannan ta sauko cikin 'yan mintoci. Abin da yake gaya mata cewa inji ya yi zafi shi ne sensar zafin ruwa. Idan sensar ta lalace, ko wayarta ta yi tsatsa, ko kuma an cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi, kamar yadda wasu suke yi da nufin hana inji zafi, ƙwaƙwalwar za ta ci gaba da ɗaukar injin a matsayin mai sanyi, ta buɗe bawul ɗin silo, ta kuma ƙara fetur.

Shi ya sa nake ba da shawarar a jona na'urar bincike kafin a sayi komai. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket ɗin OBD-II mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar ta nuna lambobin matsala, sauran ƙasashe ma sun bi sahu daga baya. Lambar P0507 tana nufin silo ya wuce yadda ƙwaƙwalwa take so, wato ba da yardarta ba ne. P0171 tana nufin iska ta fi fetur yawa, P0128 kuma tana nuna ruwan inji ba ya kaiwa zafin da ya dace. Kada a tsaya a kan lambobi kawai, a duba zafin da na'urar take karantawa. Injin da ya yi zafi sosai yakan kasance a wajen digiri 85 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas. A kuma duba adadin fetur da ƙwaƙwalwa take ƙarawa don gyara cakuɗin. Idan ƙarin ya wuce kashi 10 cikin ɗari a silo, amma ya ragu da aka ɗaga juyi zuwa 2,500, wannan alama ce mai ƙarfi ta tsaguwa, saboda ƙaramin rami yana da tasiri ne lokacin da iskar da ke shiga ba ta da yawa.

Direban Doguwar Hanya

Ina roƙon a yi hattara da maganar fesa maganin wanke kafireto. Yana kama wuta nan take, kuma wayar fulogi mai tartsatsi ko bututun salansa mai zafi ya isa ya tayar da gobara. Ruwa a cikin kwalbar feshi ya fi aminci, domin idan ya toshe ramin na ɗan lokaci za a ji canjin murya, in kuma garejin yana da na'urar hura hayaƙi cikin manifol, ita ta fi duka. Sannan Malam, ka rage hawa motar har a gyara, domin sa giya a kan juyi 1,500 yana wahalar da giyabos.

Mai Tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun jona na'urar, ta nuna P0507 da P0171, zafin ruwa kuma digiri 89 ne, ke nan sensar da tamostat lafiyarsu ƙalau. Wayar totur ma tana da sako-sako. Da aka zo kan tiyon PCV sai aka tarar ya tsage ta ƙasa a wajen lanƙwasa, ana rufe wurin da yatsa silon ya sauko. Bakaniken ya naɗe shi da salatif, yanzu allurar tana wajen 950. Shin wannan ya isa, kuma me ya sa ba ta koma 750 ba?

Tsohon Bakanike

Madalla. Salatif ba zai jure zafi da tururin baƙin mai ba, don haka a sa sabon tiyo wanda aka yi domin wannan aikin, ba tiyon ruwa ba, wanda mai yake kumbura shi ya lalata shi. A cire bawul ɗin PCV ɗin ma a girgiza shi. Idan irin mai ƙwallo a ciki ne kuma bai yi ƙara ba, ya maƙale, a canja shi tare da tiyon.

Game da 950 kuwa, ƙwaƙwalwar ta daɗe tana aiki da lissafin da ta koya lokacin da iska take shiga ta ramin, an kuma wanke dattin maƙogwaron da ta saba da shi. Bayan an sa tiyon, a goge lambobin da abin da ta koya da na'urar, a tayar da inji, a kashe fitilu da na'urar sanyaya mota, a bar shi yana silo ba tare da taka totur ba har fankar lagireto ta kama ta tsaya, sannan a yi 'yar tafiya. Wasu motocin suna da nasu tsarin dabam a littafin masana'anta, a bi shi in akwai. Idan bayan haka allurar ba ta sauko ba, a sake duba ƙarin fetur ɗin a silo. In har yanzu ya wuce kashi 10 akwai wata tsaguwar, in kuma ya daidaita sai a kwance bawul ɗin IAC a wanke shi a ga ko yana rufewa sosai.